Sharhi: Lauya da Asusun Jam'iyya, Daga Zamanin Barista Ali Sa'ad Birnin Kudu Zuwa Yau

Kamar yadda jama'a suka sani, duk lokacin da kakar zaɓe ta gabato, garin Dutse kan cika da tarurrukan ƙaddamar da gidauniyar 'yan takara, inda attajirai da 'yan kwangila kan miƙe ɗaya bayan ɗaya suna sanar da gudummawarsu, maroƙa na kirari, jama'a na tafi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne mutumin da ke zaune a gefe da takardu a gabansa, wato lauyan jam'iyya ko na ɗan takara. Shi ne yake faɗin hanyar da doka ta yarda kuɗi su shigo, shi yake rubuta yarjejeniya, kuma shi zai tsaya gaban alƙali idan al'amari ya ɓaci. A wannan sharhi za mu duba matsayin lauya a harkar tara kuɗin siyasa, kuma za mu fara da tarihinmu na gida, domin kuwa farar hula na farko da ya mulki Jihar Jigawa lauya ne, ɗan Birnin Kudu.

Idan ba a manta ba, an ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga watan Agusta, 1991, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Badamasi Babangida, aka kuma turo Kanar Olayinka Sule ya riƙe ta na 'yan watanni. A lokacin ana tsakiyar shirin mayar da mulki ga farar hula, shirin da aka gina a kan tunanin raba siyasa da masu jakar kuɗi. Tun a watan Oktoba na 1989 gwamnatin soja ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasa 13 rajista, ta kafa jam'iyyu biyu da kanta, wato SDP da NRC. Ita ta rubuta musu tsarin mulki da manufofi, ta gina musu ofisoshi a manyan biranen jihohi da hedikwatocin ƙananan hukumomi, ta kuma riƙa ba su kuɗin gudanarwa daga baitulmali. Hujjarta ita ce, idan gwamnati ce ta ɗauki nauyin jam'iyya, babu attajirin da zai bugi ƙirji ya ce tasa ce.

A cikin wannan yanayi ne Barista Ali Sa'ad Birnin Kudu ya fito. A ƙarshen 1991 gwamnatin soja ta haramta wa wasu fitattun masu neman kujerar gwamna tsayawa takara a jihohi da dama, ciki har da Alhaji Sule Lamido a nan Jigawa da Alhaji Atiku Abubakar a Adamawa. Daga nan tutar SDP ta faɗo hannun Barista Ali Sa'ad, ya lashe zaɓen ranar 14 ga Disamba, 1991, wanda aka yi bisa tsarin ƙato bayan ƙato, aka rantsar da shi a farkon watan Janairu na 1992. Ya karɓi jiha sabuwa ful, a lokacin da Dutse ke fama da ƙarancin ofisoshi da gidajen da za a saukar da ma'aikatan da suka taso daga Kano. Mulkinsa bai cika shekara biyu ba, domin a ranar 17 ga Nuwamba, 1993, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ya rushe dukkan zaɓaɓɓun hukumomi.

Darasi na farko da muke ɗauka daga wannan tarihi shi ne, tsarin da gwamnati ke biyan kuɗin jam'iyya ya buɗe wa masu ilmin boko da masu sana'a irin ta lauya ƙofar da a yau ba ta buɗuwa sai da maƙudan kuɗi. Darasi na biyu kuwa shi ne, tsarin bai kori kuɗi daga siyasa ba. A ƙarshen shekarar 1992 gwamnatin Babangida ta soke zaɓen fidda gwani na 'yan takarar shugaban ƙasa, ta haramta wa mutum 23 sake tsayawa, daga cikinsu akwai Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da Malam Adamu Ciroma da Alhaji Umaru Shinkafi, kuma amfani da kuɗi na daga cikin dalilan da ta bayar. Da aka sake lale, waɗanda suka samu tutar jam'iyyun biyu a 1993 su ne Cif Moshood Abiola da Alhaji Bashir Tofa, dukkansu hamshaƙan attajirai. Ashe dai an kori kuɗi ta ƙofa, sun dawo ta taga.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, sai Tsarin Mulki ya ɗauki hanyar ƙayyadewa da bin diddigi. Sashe na 221 ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko a hidimar zaɓen ɗan takara. Sashe na 225 ya wajabta wa kowace jam'iyya ta bayyana wa hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, kadarorinta da basukanta da inda take samun kuɗi da yadda take kashe su. Haka zalika ya hana jam'iyya ajiye dukiya a ƙasashen waje, kuma duk kuɗin da aka aiko mata daga waje tilas ta miƙa wa hukumar cikin kwana 21. Bugu da ƙari, dokar kamfanoni ta 1990, da wadda ta maye gurbinta a 2020, sun hana kamfani bai wa jam'iyya kyautar kuɗi ko kadara. Tallafin da gwamnati ke bai wa jam'iyyu ya ci gaba a farkon wannan jamhuriya, har zuwa dokar zaɓe ta 2010 wadda ta yi watsi da shi. Tun daga nan nauyin ya koma kacokan kan 'yan takara da iyayen gidansu.

Alƙaluman da dokokin zaɓe suka ƙayyade sun isa su nuna mana yadda siyasa ta yi tsada. Dokar 2006 ta ce ɗan takarar gwamna kada ya kashe fiye da naira miliyan 100. Dokar 2010 ta mayar da adadin miliyan 200, ta 2022 kuwa ta kai shi biliyan 1. Mai neman kujerar majalisar dokoki ta jiha, irin kujeru 30 da muke da su a nan Dutse, an ƙayyade masa miliyan 5 a 2006, miliyan 10 a 2010, miliyan 30 a 2022. Gudummawar da mutum ɗaya zai iya bai wa ɗan takara ta tashi daga miliyan 1 a 2010 zuwa miliyan 50 a 2022. A wannan shekara ta 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna a kan naira miliyan 50, PDP kuma a kan miliyan 21. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi kusan shekara 139 yana tara albashinsa, ba ci ba sha, kafin ya sayi fom na miliyan 50. Kasancewar majalisa kan sauya waɗannan alƙaluma a duk garambawul, ya kamata kowane ma'ajin jam'iyya ya nemi kwafin dokar da ke aiki a ofishin INEC na Dutse kafin ya karɓi ko sisin kwabo.

A nan ne aikin lauya yake zama takobi mai kaifi biyu. Lauyan kirki zai gaya wa ɗan takara cewa ba a karɓar gudummawar da ba a san mai ita ba, zai tabbatar an rubuta sunan kowane mai bayarwa da adadin da ya bayar, zai kuma tunatar da jam'iyya wa'adin da dokar 2022 ta sa, na miƙa rahoton gudummawa cikin wata uku bayan bayyana sakamako, da na kuɗin da aka kashe cikin wata shida, bayan akanta ya tantance. Amma kuma ilmin nan shi ne ke nuna wa mutum inda katangar doka ta tsage. A watan Disamba na 2014 an yi liyafar tara kuɗi a Abuja domin jam'iyya mai mulki ta wancan lokaci, aka sanar da sama da naira biliyan 21 a dare ɗaya, alhali iyakar abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe biliyan 1 ne. Da aka yi ca, sai masu shirya taron suka ce ai kuɗin na jam'iyya ne. Irin wannan fassara ce ke sa doka ta kasance a rubuce amma ba ta cizo. Haka nan ake rarraba gudummawar mutum ɗaya da sunayen mutane da yawa, ko a kafa ƙungiyoyin goyon baya su kashe abin da ba zai shiga lissafin ɗan takara ba.

Hukumomi sun daɗe da fahimtar cewa asusun da lauya ke ajiye kuɗin waɗanda yake wa aiki na iya zama maɓoyar dukiyar da ba a san asalinta ba. A 2014 ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta yi nasara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, inda aka ce ba za a tilasta wa lauyoyi kai rahoton hada-hadar kuɗin abokan hulɗarsu ba, saboda sirrin da ke tsakaninsu. Sai dai dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sake sanya lauyoyi cikin masu wannan nauyi, ta kuma hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai ta hanyar banki. Sabbin ƙa'idojin aikin lauya na 2023 su ma sun wajabta wa lauya ya san wanda yake wa aiki da kuma tushen kuɗinsa. A Amurka, duk wanda gudummawarsa ga ɗan takarar tarayya ta haura dala 200, ana wallafa sunansa kowa ya gani. Wannan shi ne matakin da muke fatan ƙasarmu ta kai.

Jiharmu ba ta rasa lauyoyin da suka yi nisa a harkar mulki ba. Baya ga Barista Ali Sa'ad, akwai Barista Ibrahim Hassan Haɗeja, wanda ya riƙe Kwamishinan Shari'a a farkon wannan jamhuriya, ya zama mataimakin gwamna a gwamnatoci biyu, ya wakilci Jigawa ta Arewa maso Gabas a Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023. Wannan na nuna cewa 'yan siyasa sun san darajar samun masanin doka a kusa da su. Abin da ya rage shi ne talaka ma ya ci moriyar wannan ilmi.

Mai karatu a Kiyawa ko Jahun ko Miga na iya cewa, ina ruwana da gidauniyar manya? Amsa ita ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan kwangilar da ya zuba miliyoyi a asusun ɗan takara yana sa ran mayar da kuɗinsa da riba, kuma daga kuɗin rijiyar burtsatse da ajin makaranta da hanyar da manomi zai fito da riɗinsa zuwa kasuwar Shuwarin ko ta Sara za a biya shi. Haka nan taliya da atamfa da sabulun da aka riƙa rabawa a zaɓen 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, duk bashi ne da mazaɓa za ta biya shekara huɗu. Dokar 2022 ta tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun ga mai sayen ƙuri'a da mai sayarwa.

Ga jami'an ƙananan hukumominmu 27 kuwa, lamarin ya ƙara nauyi tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ma'aji ko daraktan mulkin da aka matsa wa ya fitar da kuɗin hukuma domin taron jam'iyya, ya tuna cewa sa hannunsa ne zai kasance a kan takardar, kuma ranar bincike shi kaɗai za a kira. Ya nemi umarni a rubuce, ya kuma nemi shawarar lauyan gwamnati kafin ya ɗauki biro. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, a matsayinsu na iyayen kowa, bai dace a mayar da ƙofar gidajensu wurin rabon kuɗin wata jam'iyya ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga reshen ƙungiyar lauyoyi na Dutse da ya riƙa shirya wa shugabannin jam'iyyu na mazaɓu bita da harshen Hausa tun kafin a kaɗa gangar siyasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kuma kira ga jama'ar Dutse da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da sauran sassan jiha, idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, su tambaye shi cikin ladabi wa ya saya masa fom, kuma me ya yi wa mutumin alkawari. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya kuma zaunar da Jihar Jigawa da Nijeriya lafiya, amin.