Ruwan da ya shiga kujera, ina yake tafiya?

Tsakanin Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da kasuwar Sabon Gari, wanda ya riƙi wankin kujeru sana'a ba ya rasa aiki. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 wannan yanki ya zama masaukin baƙi da 'yan kasuwa. A yau akwai otal-otal da ofisoshi, da manyan motocin safa masu zuwa kudu, ga kuma gidajen Fagge inda kujerun da iyaye suka saya wa amarya kan zama kaya mafi tsada a falo. Sai dai kayan aikin da aka fi gani a hannun masu wankin na wankin mota ne: bokiti, burushi, garin sabulu, wani lokaci har da injin feshi mai ƙarfi. A ganina, mai shirin sayen inji don wannan aiki ya fara tambayar yawan ruwan da injin yake iya zuƙowa daga cikin kujera, kafin ya tambayi farashi ko sunan kamfani.

Dalilin yana cikin yadda kafinta ke haɗa kujera. A ƙarƙashin yadi akwai soso, a ƙarƙashin soso akwai katako da ƙusoshi. Jikin mota ƙarfe ne, ruwa ya taɓa shi ya zurare. Soso kuwa sha yake yi ya riƙe. Injin wankin mota yana fesa ruwa da ƙarfin da ya haura ba 100, ya tura shi tare da dattin har gindin soso. Saman yadin zai bushe ya yi kyau, a biya mai wanki ya tafi. Bayan kwana biyu ruwan da ke ciki ya fara hawowa da dattinsa, ya bar zane-zanen ruwan ƙasa a kan yadi, ƙusa ta yi tsatsa, katako ya kumbura. Da hunturu busasshiyar iska takan rufa wa mai wanki asiri. A watan Agusta kuwa, lokacin da damina ta kankama, kujerar kan fara warin danshi da fumfuna, kuma mai gida ba ya sake kiran wanda ya jawo masa haka.

Garin sabulu ma yana da nasa laifin. An yi shi ne don tufafin da za a ɗauraye sau biyu ko uku. Abin da ya rage a jikin yadi yakan yi danƙo ya kama ƙura, shi ya sa kujerar da aka wanke kafin ƙaramar Sallah take fin da datti kafin babba.

Injin da ya dace shi ne mai feshi da zuƙa a lokaci guda: tanki ɗaya na ruwa mai kyau, ɗaya na ruwan datti, da ƙaramin baki na hannu. Puzzi na kamfanin Kärcher na Jamus da George na Numatic na Ingila suna cikin sanannu. Yana da kyau a lura da yadda aka raba ƙarfi a cikin ƙaramin Puzzi: famfon feshinsa wat 40 ne, yana fesawa da ƙarfin ba 1 kacal, injin zuƙarsa kuwa kimanin wat 1,200. Masu ƙera shi sun san inda aikin yake. Ba sai an sayi waɗannan sunaye ba, don akwai na China masu sauƙin kuɗi, amma kowanne aka kawo a gwada shi tun a shago. A je da guntun soso da aka rufe da yadi, a auna ruwa lita ɗaya a zuba a tanki, a yi aiki da shi har ya ƙare, sannan a duba abin da ya dawo a tankin datti. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

A kuma nemi bakin da ake ganin cikinsa, mai kamar gilashi. Da shi ne mai wanki ke ganin launin ruwan da ke fitowa, ya san lokacin tsayawa. A garinmu wannan yana da wani amfanin na daban. Sau da yawa abin da ke sa uwargida kiran mai wanki fitsarin yaro ne, kuma damuwarta tsarki ce kafin kyan gani. A fiƙihun Malikiyya da tsarkakakken ruwa ake kawar da najasa, a wanke har ruwan ya rabu da wurin ba tare da ya sauya ba. Kumfa da turare ba sa biyan wannan buƙata, amma injin da ke zuba zallar ruwa ya zuƙe shi a gaban idon mai gida yana ba ta abin da za ta gani ta natsu.

Ƙurar hunturu, wadda yawancinta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushinta kamar gari ne. Idan ruwa ya same ta a cikin yadi, taɓo take zama. Don haka a fara zuƙe ƙura a bushe, da injin da matacinsa ke riƙe ta. Mai jarin da bai kai na injin feshi da zuƙa ba, gara ya sayi injin zuƙa mai shan ruwa da ƙura, ya haɗa da kwalbar feshi ta hannu da burushi mai laushi. Injin tururi kuwa ba na ganin dalilin farawa da shi: yana cin wuta, ba ya fitar da datti da kansa, kuma zafinsa na iya lalata karan-miski na roba da ledar da ake sayarwa da sunan fata.

Sai maganar wuta. Ƙaramin janaretan nan da ake wa laƙabi da na fi maƙwabcina ba ya kai wat 1,000, ba zai ɗauki injin wat 1,200 ba, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 dole kuɗin fetur ya shiga lissafin kowane aiki. Kayan gwanjo daga Amurka, irin su ƙananan injinan Bissell, an yi su ne don wutar bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Ba tare da taransifoma ba, jonawar farko ce ta ƙarshe. A tambayi mai shago ko yana da tiyo da baki da robar murfin tanki, domin su ne ke fara lalacewa, kuma ƙaramar ɓula a tiyo ta isa ta kashe ƙarfin zuƙa.

Kujerun Turai da Amurka sukan zo da takardar da ke nuna ko yadin yana jure ruwa. Na kafintocinmu ba su da ita. Kafin a kunna kowane inji, a jiƙa farin ƙyalle a goga a bayan kujera inda ido ba ya kaiwa. Idan launi ya biyo ƙyallen, a gaya wa mai gida tun kafin a yi ciniki.