Martani: Allurar Haukan Kare Sau Ɗaya Ba Ta Wadatarwa

Ra'ayin da aka wallafa cewa allurar haukan kare sau ɗaya ta ishi kare har mutuwarsa, maimaita ta kuma asarar kuɗi ce, ganganci ne da rayukan mutane. Ƙarfin rigakafin yana raguwa, shi ya sa likitocin dabbobi a Najeriya ke fara yi wa kwikwiyo yana wata 3, su maimaita duk shekara.

Marubucin ya kafa hujja da Amurka, inda ake yin allurar shekara 3. Bai faɗi cewa tun 2007 aka bayyana kawar da nau'in cutar na karnuka a can ba. Karen mafarauci a Rano ko Kibiya kuwa da rani yana daji, yana cuɗanya da karnukan da babu mai su, ya dawo gida cikin yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura kafin yaɗuwar ta tsaya, ga kuma sababbin kwikwiyoyi kowace shekara. Kyanwa ma tana kamuwa, ita ma a yi mata. Da zarar alamomin cutar sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ake rayuwa.