SHARHI: Daga Apo zuwa Kano, yadda shaidar kisan 'yan sanda ke bin gawa zuwa kabari

A watan Nuwamban 2024 ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, a jihohin Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Borno da Neja. Rundunar 'yan sanda ta musanta. Abin da zai raba wannan gardama yana jikin gawarwakin, su kuwa tuni ƙasa ta rufe su.

Gawar wanda aka harbe tana ba da shaidar da baki ba ya iya bayarwa. Ƙofar da harsashi ya shiga tana nuna ko mamacin yana fuskantar mai harbin ne ko guje masa yake yi. Ƙunar albarushi a fata tana nuna kusancin bakin bindiga. Kowace bindiga kuma tana barin zanenta a jikin harsashi da kwansonsa, ta yadda masana za su iya gano wadda aka harba, sannan rajistar ɗakin makamai ta nuna jami'in da ya karɓe ta. Yarjejeniyar Minnesota ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sabunta a 2016, ta buƙaci a yi irin wannan bincike cikin gaggawa, kuma a hannun waɗanda ba sa ƙarƙashin wanda ake zargi.

A Najeriya, sau da yawa 'yan sanda ne ke binciken 'yan sanda. Shari'ar matasa shida 'yan kasuwar Apo da aka kashe a Abuja a watan Yunin 2005 ta isa misali. Da farko an ce 'yan fashi ne, sai da kwamitin Mai Shari'a Olasunbo Goodluck ya tona asirin lamarin. Hukunci bai zo ba sai a watan Maris na 2017, lokacin da Mai Shari'a Ishaq Bello ya yanke wa jami'ai biyu hukuncin kisa, ya sallami uku. Kusan shekara 12 iyalan suka yi suna jira.

Ita ma doka ta bar ƙofa a buɗe. Sashe na 33(2) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya halatta amfani da ƙarfin da ka iya kai wa ga kisa domin kare dukiya, hana wanda aka kama tserewa ko murƙushe tarzoma. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kuwa sun taƙaita harbin kisa ga inda babu wata hanyar ceton rai. An yi wa umarnin rundunar mai lamba 237 garambawul a 2019, amma sashen tsarin mulkin yana nan daram.

A Arewa akwai ƙarin sarƙaƙiya. Addini ya kwaɗaitar da gaggauta suturta mamaci, iyalai da dama kuma ba sa son a tsaga gawar ɗansu. Sai dai ɗaukar hoton raunuka, hoton ƙashi da ciro harsashi aiki ne na sa'o'i kaɗan idan akwai likita a kusa da dokar da ta wajabta shi. Jihar Legas ta yi dokar binciken musabbabin mutuwa tun 2007. Majalisun jihohin Arewa, tare da malamai da likitoci, za su iya tsara tasu wadda ba za ta jinkirta jana'iza ba. Muddin ba a yi haka ba, uwar da aka kashe wa ɗa za ta ci gaba da zuwa kotu ba ta da komai a hannu sai maganar baki.