Hoton Fure a Ɗakin Amarya: Wa Ya Zana Shi?

Yau sana'armu ta gado zan taɓa, wato hoton nan na fure da ake sakawa a firam a rataye a bango, wanda mata suka fi kira hoton fulawa. Mu asalinmu mutanen Maraɗi ne, fatauci ya kawo mahaifina Jos, kuma da cinikin waɗannan hotuna aka biya mini kuɗin makaranta har na gama sakandare. Don haka idan na ji wani ɗan boko yana cewa wai rataye su kwaikwayon Turawa ne kawai, wallahi abin yana sosa mini rai.

Mai faɗin haka bai shiga ɗakin kakarsa ya duba da kyau ba. Langa da fanteka da kwanukan jere duk fure ne a jikinsu. Zanin gado fure, lallen amarya fure. Abin da ya canza kawai shi ne furen ya tashi daga murfin kwano ya koma bango. Ga kuma maganar addini: malamai sun daɗe suna bambanta hoton abu mai rai da na itace ko fure, shi ya sa maigidan da ba zai yarda a rataye hoton mutum a falonsa ba, ba ya cewa komai a kan wannan. Sannan mu baƙi 'yan haya ne. Bazazzagi mai gidan kansa zai iya sa magini ya yi masa zane a jikin bango, mu kuwa adonmu sai wanda zai shiga jaka ranar da mai gida ya ce a tashi. Wani abin da na lura da shi, a garin da rikicin 2001 da na 2008 suka raba unguwanni, hoton fure yana cikin kayan da mutumin Anguwar Rogo da mutumin Tudun Wada suke saye iri ɗaya, babu mai tambayar wani.

To amma ina da ƙorafi, kuma a kanmu 'yan kasuwa yake. Muna sayar da aikin mutane babu sunansu. Kwali ya zo daga Chana, a buɗe, a goge gilashi, a jera. Akwai wani iri da yake tafiya sosai a wurinmu: furanni ja da shuɗi da rawaya a cikin tukunya, bayan hoton kamar hazo, tukunyar kamar tana shawagi don ba ka ganin teburin da ta zauna a kai sosai. Da na ɗauke shi a waya na bincika a intanet, sai ga sunan mai shi, Odilon Redon, mutumin Faransa. An haife shi a Bordeaux a 1840, ya rasu a Paris a 1916.

Labarinsa ya ba ni mamaki. Mutumin nan ya yi shekaru da yawa ba ya amfani da launi, da gawayi da baƙin tawada yake zana abubuwan ban tsoro irin na mafarki, kamar gizo-gizo mai murmushi da ƙwayar ido tana tashi sama kamar balan-balan. Ɗansa na fari ya rasu yana jariri a 1886, aka haifa masa na biyu a 1889, kuma sai bayan ya haura shekara hamsin ya rungumi launi gadan-gadan ya shiga zana furanni. Yana cikin masu zanen da suka fi damuwa da abin da ke cikin zuciya fiye da abin da ido ya gani, shi ya sa furensa yake kamar wanda aka tuno ba wanda aka kalla ba. Matarsa ma 'yar tsibirin Reunion ce da ke gabas da Madagaska. Yanzu mai karatu, tsakaninka da Allah, amaryar da aka rataye mata wannan hoto ba ta cancanci ta san haka ba? Tunda ya rasu fiye da shekara ɗari kowa yana da damar buga aikinsa, ba sata ba ce. Amma rubuta suna da shekara a bayan firam ko sisi ba zai ci ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta ya sa fure irin su wardi suna yi a nan fiye da yawancin garuruwan Arewa. A ƙasar nan aka tono sassaƙen Nok, kuma tun 1952 garin yake da gidan tarihi. Zariya tana yaye masu zane kowace shekara daga Jami'ar Ahmadu Bello. Duk da haka furen da muke sayarwa sai ya ƙetare teku. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk kwalin da aka sauke sai ya fi na baya tsada, mai saye kuma yana ganin mu ne muka yi masa mugunta.

Na san za a ce zanen hannu ya fi ƙarfin talaka. Gaskiya ne. Ai Redon ɗin ma ba na hannu muke sayarwa ba, bugu ne. Mai zane ya yi guda ɗaya mai kyau, masu buga fosta da kalanda su buga ɗari, kafinta ya haɗa firam, a ba mai zanen kasonsa a kan kowane ɗaya, a sa sunansa. Furen zoɓo, furen auduga, jan furen gurjiya, farin furen kuka, har tumfafiyar da muke rainawa a hanyar Maraɗi, ban taɓa ganin ko ɗaya a cikin firam ba.

Da na kai wa Baba maganar, ya ce mace launin labulenta take dubawa, ba sunan Bature ba. Bai hana ni ba dai. Ya ce in gwada guda ashirin da kuɗina kafin bukukuwan bayan Sallah, ya ba ni gefen shago na hagu.