Farish: Ta Limami Ce ko ta Masu Biyan Haraji?

Duk wanda ya karanta tarihin Ingila a cikinmu ya sha cin karo da kalmar nan farish, har waɗansunmu su kan fassara ta da gunduma su wuce. To, rabin ma'anarta ke nan.

Asalinta yankin ƙasa ne mai coci ɗaya da limami ɗaya, manoman wurin su na ba shi ushirin amfanin gonakinsu. Da sarakunan Ingila suka ga babu ƙauyen da ba ya cikin wata farish, sai suka yi ta ɗora mata aikin mulki. A 1538 aka umurci limamai su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A 1555 aka ɗora mata gyaran hanyoyi. A 1601, zamanin Sarauniya Alsabatu ta Farko, aka ce ta tara haraji ta ciyad da matalautanta. Shawarar duk waɗannan a wani ɗan ɗakin coci a ke yinta, inda limami ke sa rigunansa, shi ne kuma shugaban taron.

A nan ne mu ke ganin aibi. Ba dukan mutanen ƙauye ke bin cocin gwamnati ba, akwai 'yan Katolika da 'yan Metodis da waɗansu. Amma duk da haka a kan karɓi kuɗinsu tilas don gyaran ginin da ba su shiga, sai a 1868 aka hana tilastawar. Mutum ya biya haraji, sa'an nan a yanke yadda za a kashe shi a ɗakin ibadar wani? Ai da wuya ya ga adalci, ko da limamin mai gaskiya ne.

Saboda haka muna ganin dokar 1894 ta yi daidai. Ita ce ta raba abin biyu: limami ya riƙe farish ta addini, ta mulki kuwa aka ba majalisar da mutanen ƙauye ke zaɓa, har mata ma su na iya shiga. Masu cewa rabuwar ta rage zumuncin ƙauye su na da 'yar hujja, amma zumuncin bai taɓa game kowa ba.

In kuma kun ga kalmar a taswirar Luwiziyana ta Amurka, ko Jamaika mai farish 14, to, ta mulki a ke nufi, gunduma ta isa fassara.