Wa Ya Ba Jarumin Littafinka Makullin Mota a Dubai?



Akwai abin da ya zama ruwan dare a littattafanmu na intanet. Jarumi zai sauka filin jirgin Dubai, a miƙa masa makullin dalleliyar motar haya, ya figa sai otal. Ba a tambaye shi takarda ba, bai ajiye ko sisi ba. A ganina wannan sakaci ne babba, domin da yawa daga masu karanta mu ba su taɓa fita waje ba, abin da muka rubuta shi suke ɗauka gaskiya.

Ga yadda abin yake. Kamfanin hayar mota zai nemi fasfo da lasisin tuƙi, sau da yawa har da lasisin ƙasa da ƙasa. Zai riƙe wasu kuɗi a katinka na banki a matsayin jingina, ba zai sake su ba sai ya tabbatar babu tara a kanka. A Dubai tun 2007 akwai Salik, ƙofofin da ke cajin kuɗin hanya ba tare da an tsayar da kai ba. Duk ƙofar da ka wuce, da duk kyamarar da ta kama ka kana gudu, kai za ka biya. In kuma Ingila ka kai jarumin naka, ta hagu ake tuƙi, hannun da Najeriya ta baro tun 1972. Wanda ya koyi mota a Sakkwato zai iya rikicewa a shataletalen farko.

To amma me ya kai mu Dubai? Ƙasar waje tana ƙofar gidanmu. Daga Sakkwato ka bi ta Kware da Gwadabawa, ba ka cika kilomita 100 ba ka isa Illela, tsallakawa kaɗan kana Birnin Konni. Hayar motar da mutanenmu suka sani a wannan hanya ita ce shata, wato mota da direbanta. Kuma ni dai ita na fi yarda da ita ga baƙo, don baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Direba shi ya san jandarma da 'yan duwan, ya san takardar da aka rubuta da Faransanci, ya san canjin sefa na ranar.

Dokar hanyar ma ba ta zama wuri ɗaya. Tun 1982 ECOWAS ta fito da inshorar Brown Card don motocin da ke tsallaka iyaka. Bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 aka rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS baki ɗaya. Wanda ke bin hanyar kullum shi zai gaya maka takardar da ake karɓa a wannan makon.

Shata ma tana da nata aibin, domin da baki muke ƙulla ta. Wa zai sayi mai? Wa zai biya a shinge? In mota ta lalace tsakanin Konni da Madawa, wa zai nemo wata? Da naira za a biya ko da sefa, kuma a kan wane canji? A nan zumunci yake ɓaci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Yarjejeniyar da za ta tsallaka da kai wata ƙasa ta cancanci layi biyar a takarda da shaidu.

Na san wani zai ce labari muke rubutawa, ba littafin koyon tuƙi ba. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan tambayoyin su ne labarin. Ɗauki motar kai amarya Tawa, an tsayar da ita a iyaka saboda inshora ta ƙare. Magariba ta kawo jiki, direba ya ce biyan ba nasa ba ne, gwaggon amarya ta ce sai dai a kwana a nan, ango yana ta kira. Wannan shafi ɗaya ya fi babi uku na yawo a Dubai riƙe mai karatu, kuma in tafiya ta kama shi ya san abin da zai tambaya kafin ya biya.

Shawarata ga mai son rubuta tafiya, ya je tashar motar Illela ranar Lahadi da kasuwarta ke ci, ya zauna da direbobi, ya sayi shayi, ya yi tambaya. In Dubai ɗin ce dole, ya nemi wanda ya taɓa ɗaukar hayar mota a can ya ji ta bakinsa.

Allah ya yi mana jagora. Sai na ji ra'ayoyinku.