Mai Kaya Ba Ya Zama Shaidar Kayansa

Wanda ya shiga kasuwa sayen atamfa yana iya murza ta, ya ɗaga ta a rana, ya gane ingancinta. Mai sayen dutsen guga ko hita ko cajar wayar hannu kuwa ba shi da wannan dama, domin aibin kayan lantarki a ciki yake ɓoye, ba ya bayyana sai ran da hayaƙi ya tashi. Saboda haka, a ganina, bai kamata mu shigar da irin waɗannan kaya gidajenmu ba sai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya shaide su.

Dalilin yana cikin darasin kimiyya da ɗalibai suka sani. Idan wutar da ke bin waya ta ninka sau 2, zafin da wayar ke yi yakan ninka sau 4. Idan kuma maƙeri ya rage kaurin jan ƙarfen da ke cikin wayar don neman riba, zafin ya ƙaru, robar da ke lulluɓe da ita ta narke, gobara ta tashi. Haka nan caja: aikinta shi ne ta mayar da volt 230 zuwa kamar volt 5, kuma 'yar tazara ce ta wasu milimita ke raba ɓangarorin biyu. Ido ba ya ganin wannan daga waje.

Tun farkon zamanin lantarki aka fahimci matsalar. A 1893, kamfanonin inshora suka tura wani injiniya, William Henry Merrill, ya duba wayoyin wuta a babban bajekolin birnin Shikago na Amurka. A 1894 ya kafa ɗakin gwajin da ya zama Underwriters Laboratories, mai hatimin UL. Abin lura shi ne, masu biyan diyyar gobara ne suka ɗaure masa gindi, wato waɗanda asara ke hawa kansu. Ingila ma tana da hatimin Kitemark tun 1903, Jamus kuma tana da na VDE.

A irin waɗannan ɗakuna, azabtar da kaya ake yi da gangan. Akan ɗora musu wutar da ta fi ƙarfinsu, a auna zafinsu, a kara wa robarsu harshen wuta, a jefar da su ƙasa, a zura yatsan ƙarfe a kowace kafa don a ga ko hannun yaro zai iya taɓa wuta. Bayan an ba da hatimi, masu duba kan dira masana'anta ba tare da sanarwa ba, don kada a kai na kirki gwaji a kai na banza kasuwa.

To, amma ba kowane tambari ne shaida ba. Alal misali, haruffan CE na Tarayyar Turai, a kan yawancin kayan lantarki na gida maƙerin ne da kansa ke sa su, yana cewa ya cika ƙa'ida. Wannan da'awa ce, kuma alƙali ba ya karɓar da'awa a madadin shaida.

Wani zai ce gwaji yana ƙara wa kaya tsada, kuma maƙeri ne ke biyan ɗakin gwajin. Gaskiya ne. Sai dai jarin ɗakin gwaji shi ne sunansa. Ranar da ya shaidi kayan banza, hatiminsa ya mutu. Batun tsada kuwa, araha ba ta ado, kuma rarar da aka samu wajen sayen waya ba za ta gina shagon da ya ƙone ba.

A Nijeriya, wannan nauyi yana kan Hukumar SON, wadda ta faro a 1971. Tana ba kayan gida alamar NIS, tun 2005 kuma take neman takardar SONCAP ga kayan da ake shigowa da su. Duk da haka, 'yan jabu kan kwaikwayi hatimi, hukuma kuma ba za ta iya shiga kowace rumfa ba.

Nan ne aikin makaranta ya shigo. Ina kira ga malaman kimiyya su kawo filogi da caja cikin aji, su buɗe su, su nuna wa ɗalibai fis, da kaurin waya, da bambancin hatimin gwaji da da'awar maƙeri. Ɗalibin da ya iya karanta waɗannan alamomi ya zama mai gadin gidansu.